Neman gurbi a manyan jami'o'in duniya: inda ɗaliban sakandare suka fi yin tuntuɓe

"Malam, da wannan makin nawa, kana ganin za su ɗauke ni?" Babu tambayar da na fi ji daga bakin 'yan ajin ƙarshe kamar wannan. Yaro zai miƙo min sakamakonsa, kowane darasi ya cinye, ga makin SAT (jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka) 1540 cikin 1600, yana jiran in ce masa kashi kaza cikin ɗari. Ba na yanke masa adadi, domin babu mai iya yankewa, kuma a gindin wannan tambayar yawancin kurakuran suke tsirowa.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar al'amarin kamar jarrabawa mai layi, wanda ya tsallake ya shiga. A 2022 mutum 61,220 ne suka nemi Harvard, aka ɗauki 1,954, wato kashi 3 da ɗoriya cikin 100. Dubban waɗanda aka mayar suna da makin da ya kai na waɗanda aka ɗauka, wasu ma sun fi su. Aikin maki shi ne ya sa a karanta fayil ɗinka da natsuwa, daga nan sai sauran abubuwa su yi magana. Gyaran yana da sauƙi. Yawancin jami'o'in Amurka suna wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. A cikinta za ka ga makin da tsakiyar ɗalibansu suka shigo da shi, kuma a sashen C7 an jera abin da suke dubawa da nauyin kowanne. In makinka ya faɗa cikin nasu, to ka gama da SAT. Zama na huɗu da na biyar don ƙarin maki ashirin ɓarnar watanni ce da ya kamata su tafi ga rubutu.

Akwai kuma masu kuskuren ta ɗaya ɓangaren, waɗanda suka ji an ce jami'o'i sun daina neman makin SAT tun lokacin korona. Labarin ya tsufa. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, sannan Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024. Ko inda aka bar wa ɗalibi zaɓi, in jami'ar ba ta san makarantarku ba, maki mai kyau shaida ne da ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wannan kashi 3 ɗin ma ba naka ba ne, matsakaicin kowa da kowa ne, alhali ba ta ƙofa ɗaya ake shiga ba. Bayanan da suka fito a shari'ar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta yi da Harvard sun nuna cewa 'yan wasan da kociyoyi suka zaɓo, sama da kashi 80 cikin 100 ake ɗauka, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kuwa kusan ɗaya cikin uku. Ita ce shari'ar da ta ƙare a Kotun Ƙolin Amurka ranar 29 ga Yunin 2023, aka hana duban launin fata wajen ba da gurbi. In aka cire waɗancan rukunan, abin da ya rage wa gama-garin mai nema ya ƙara tsukewa. Mai nema daga wajen Amurka nasa ya fi tsanani: a MIT, rabon ɗaliban ƙasashen waje a shekarun nan yana kai-kawo ne a wajen kashi 2 ko ƙasa da haka.

Daga nan sai wani lissafi da ke yaudarar har masu kaifin ƙwaƙwalwa. Ɗalibi zai ce, jami'o'in Ivy League, wato rukunin fitattun jami'o'in Amurka su Harvard da Yale da Princeton, takwas ne, in kowacce tana ɗaukar kashi 5, na nemi dukansu na tara kashi 40. Ko da a ce ƙuri'a ake jefawa, lissafin kashi 34 zai bayar. Kuma ba ƙuri'a ba ce. Fayil ɗaya ne yake zagaya su, raunin da Yale ta gani shi Princeton za ta gani. Na sha ganin jerin jami'o'i goma sha biyu da babu ko ɗaya a ciki mai ɗaukar sama da kashi 10, sai ƙarshen Maris ya zo yaro ya tashi hannu rabbana. Duk jami'ar da ke mayar da tara cikin goma, ka ɗauke ta a matsayin gwajin sa'a komai ƙarfinka. Ka sa uku ko huɗu irinsu, sannan ka nemi wasu da makinka ya zarce na yawancin ɗalibansu, waɗanda za ka iya biya, waɗanda kuma in nan ne kaɗai suka kira ka za ka tafi da farin ciki. Binciken da Stacy Dale da Alan Krueger suka wallafa a 2002 ya gano cewa ɗalibai masu ƙarfi ɗaya, wanda ya je jami'a mai tsananin zaɓe da wanda ya je mai sassauci, kuɗin shigarsu daga baya bai bambanta sosai ba, sai dai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi cin moriyar manyan.

Maganar kuɗi ita ce aka fi bari sai ƙarshe, ita ce kuwa ya kamata a fara da ita. Cikakken kuɗin shekara guda a irin waɗannan jami'o'i, karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Wasu suna jin haka su janye ba su ko nema ba, wannan kuskure ne. A 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ɗansu ba zai biya komai ba, MIT ma tana da tsari makamancin haka. Wasu kuma suna zaton hazaƙa za ta kawo musu sikolashif a ko'ina, shi ma kuskure ne. Jami'o'in Ivy League ba sa ba da kuɗi don hazaƙa ko wasa, buƙatar gida kawai suke aunawa.

Abin da baƙo ya wajaba ya sani shi ne jami'o'in sun kasu biyu. Akwai 'yan kaɗan da ba sa duban aljihunka lokacin yanke hukunci, kuma in sun ɗauke ka su cike duk giɓin: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna cikinsu. Mafi yawa, har da Stanford, suna duba yawan tallafin da baƙo yake nema, kuma hakan na iya rage masa dama. Jami'o'in gwamnatin jiha irin su Berkeley da UCLA ba su cika ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin buƙata ba. Ganin haka sai wasu su ce ba sa neman tallafi don a ɗauke su, da niyyar su roƙa bayan sun shiga. Kada ka kuskura. Jami'o'i da yawa ba sa barin baƙon da bai nema tun farko ba ya nema daga baya, kuma takardar da ake neman biza da ita ba ta fitowa sai an nuna kuɗin shekarar farko. Ku zauna da iyayenka tun kafin a cike fom ɗaya, a faɗi gaskiyar abin da gida zai iya, a cike CSS Profile, wato fom ɗin neman tallafin kuɗi, da ita.

Sai wurin da na fi jin takaici, wato insha'i da jerin ayyuka. Fom ɗin Common App, wanda ake neman jami'o'in Amurka da yawa da shi, yana da gurabe goma na ayyukan da ɗalibi yake yi bayan aji, sai yara su ɗauka dole a cike goman. A shekarar ƙarshe a shiga kulob shida, a kafa wata ƙungiyar agaji da ba ta taɓa agaza wa kowa ba. Masu karanta fayil suna ganin irin wannan ɗaruruwa a mako, kuma kwanan wata yana tona asiri. Abu biyu da aka yi shekara uku ana yi sun fi goman nauyi.

Wata yarinya ta taɓa kawo min insha'inta. Layin farko: tun tana ƙarama take mafarkin zama likita don ta taimaki al'umma. Har ƙarshe babu jimla ɗaya da wani ɗalibin ba zai iya sa wa hannu ba. Na tambaye ta me take yi in ta tashi daga makaranta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malam, gida nake komawa in kula da kakata." Kakar tana da ciwon suga. Washegari ta zo da wani littafi mai bango shuɗi da ya sha hannu, ta ja layuka da rula, kwanan wata a hagu, awon safe da jan biro, na dare da baƙi, shekara uku babu tsallake sai kwana tara da aka kwantar da tsohuwar a asibiti. A gefen wani shafi ta rubuta da fensir cewa sugan yana faɗuwa sosai da asuba, ta nuna wa likita, ya sauya lokacin allurar. Duk wannan ba ta sa shi a fom ba, don a ganinta ba aiki ba ne, alhali a cikin rukunan Common App akwai na ɗawainiyar gida. Ta sake rubutun daga wannan shafin na fensir. Jami'ar da ta fi so ba ta ɗauke ta ba, wata ta ɗauke ta da cikakken tallafi.

Kalma 650 kawai aka ba ka a insha'in. Kada ka ƙarar da su wajen yabon jami'ar ko maimaita kyaututtukan da suke wani shafin. Ka ɗauki abu ɗaya da ka sani ciki da bai, ka nuna yadda kake tunani a kansa. In ka gama, ba wa wanda ya san ka ya karanta, ka tambaye shi ko ya ji muryarka. In malami ko yaya ko manhajar kwamfuta sun goge rubutun har ya koma na ɗan shekara arba'in, an yi asara.

Wasiƙar shaida ma haka take. Malamin da ya ga yadda ka sha fama da lissafi har ka gane ya fi shugaban makarantar da bai san fuskarka ba. Ka roƙe shi da wata biyu a gaba, ba a fafe gora ranar tafiya.

A kula da nema da wuri. Tsarin Early Decision, wanda yawanci ake rufewa 1 ga Nuwamba, alƙawari ne: in an ɗauke ka dole ka je, ka janye sauran. Mai buƙatar tallafi ya rasa damar kwatanta tayin jami'o'i ke nan. Harvard da Yale da Princeton da Stanford nasu ba ya ɗaure ka, amma yana taƙaita inda za ka nema da wuri. Alƙaluman zagayen farko sukan fi kyau a ido, sai dai a nan ne yawancin 'yan wasan da aka riga aka zaɓa suke shigowa. In fayil ɗinka bai nuna ba a Nuwamba, jira Janairu.

Ingila kuwa wata duniya ce. Ta UCAS, cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in Birtaniya, ake nema, zaɓi biyar, kuma ba a haɗa Oxford da Cambridge a shekara ɗaya. Ranar rufewarsu 15 ga Oktoba, haka ma karatun likita. Su darasin da za ka karanta ne damuwarsu: me ka karanta a kansa bayan abin da aka koyar a aji, yaya ka yi a jarrabawar shiga, yaya kake warware matsala a gaban malami a ganawar Disamba. Wanda ya kwashe insha'insa na Amurka mai labarin rayuwa ya aika musu ya ɓata gurbin rubutunsa.

Duk wanda ya ce ka biya shi ya tabbatar maka da gurbi, guje shi. A 2019 hukumomin Amurka suka bankaɗo badaƙalar Rick Singer, wanda ya karɓi miliyoyin daloli yana sayen maki da ƙirƙiro wa yara tarihin wasa. Iyaye sun je gidan yari, wasu ɗaliban sun rasa gurabensu. Shawara ta gaskiya kyauta ake samunta a cibiyoyin EducationUSA, waɗanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka.

In kuma takardar albishir ta iso, da sharaɗi take zuwa. Jami'a za ta nemi sakamakon zangon ƙarshe, in ya zube tana iya janye tayin. Halayya ma ana dubawa: a 2017 Harvard ta soke gurbin aƙalla ɗalibai goma saboda hotunan ɓatanci da suka riƙa turawa a wani zauren Facebook. Wanda aka sa a jerin jira ya aika gajeriyar wasiƙa ya faɗi sabon abin da ya cim ma tun bayan cike fom, amma ya karɓi gurbi a wata jami'ar kafin 1 ga Mayu, don akwai shekarun da ba a kiran kowa daga jerin.