Kafin ka sayi kifin farko: ga sababbin ɗaliban bincike a Malesiya

Barka da sauka, Malam. In ka gama da takardar zaman ɗalibi ta EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗaliban waje, ka sami ɗaki a garin jami'arka, Serdang ko Skudai, hancinka ya fara sabawa da warin ɗan itacen nan duriyan, to zo mu zauna kan abin da ya kawo ka. Yawancinmu malamai ne a gida, mu ke sa wa ɗalibai jan biro. A nan kai ne ɗalibin, kuma abin da na ga ya fi cinye wa mutanenmu watanni shi ne jiran layi: layin izini, layin na'ura, layin masu amsa tambayoyi. Tun a zangon farko, kana cikin darasin hanyoyin bincike da ajin harshen Malay, ka fara kama waɗannan layukan.

Bari in fara da masu bincike kan abincin kifi, don can na fi sani. Ko a jami'ar UPM ta Serdang kake ko a jami'ar UMT ta jihar Terengganu, ba za ka taɓa kifi ba sai kwamitin kula da dabbobin gwaji ya sa hannu, kuma ba kullum kwamitin ke zama ba. Wanda ya yi gaggawa ya fara ba izini, mujallar kirki ba za ta karɓi aikinsa ba. Tarwaɗarmu ta Afirka ita ce suke kira keli, tana ko'ina a kasuwa tare da karfasa, don haka samun 'ya'yan kifi ba wuya. Wahalar tana wurin tsari. Gwajin ciyarwa yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, kowane nau'in abinci da tankunansa uku. Ka riƙe wannan: tankin ake ƙirgawa, ba kifayen ciki ba. Kifi 30 a tanki ɗaya, a idon lissafi, abu ɗaya ne. Na ga wanda aka kama da wannan kuskuren ranar kare kundi, bayan kifayen sun daɗe da shiga tukunya.

Idan kana son maye garin kifi da dusar ƙwarar manja, wadda ke jibge a ƙasar nan, ko da tsutsar baƙin ƙudan soja, dole duk abincin su zo daidai a yawan furotin, in ba haka ba ba ka san abin da ka gwada ba. Kada ka dogara da abin da ke rubuce a jikin buhu. Ka auna da kanka ta hanyar Kjeldahl, wato gwajin yawan naitirojin, ka ninka naitirojin ɗin da 6.25 ka sami yawan furotin. Kullum ka rubuta abincin da ka zuba da wanda ya rage, da zafin ruwa da iskar cikinsa, domin daga nan za ka fitar da kilo nawa na abinci ya ba da kilo ɗaya na kifi. Kifi kuwa bai san Sallah ba. Ni a mako na shida na'urar iska ta tsaya da dare lokacin hutun Hari Raya, wato Sallarsu, na wayi gari kifayen tankuna biyu sun juya ciki sama. Tun ranar nake barin makulli da lambar wayata a hannun wani abokin karatu.

Masu kimiyyar kayan ƙere-ƙere, ku shirya dariya: kenaf ɗin da ake ta rubutu a kansa a nan ramarmu ce, wadda muke kwaɗo da ganyenta, mu tufka igiya da ɓawonta. Suna haɗa zarenta da roba su fitar da allo mai ƙarfi. Sai dai zaren na shan laima, ƙasar kuma laima ce shekara duka; in ba ka busar da shi ba kafin haɗi, sakamakonka zai yi ta rawa. Ƙa'idar ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kaya, ta gwajin jan roba tana son aƙalla samfuri 5, kai yi 8. Na'urorin SEM da XRD kuwa, masu duba ƙananan sifofi da tsarin cikin samfuri, sai an yi rajista an biya, wani lokaci a jira makonni. Ma'aikacin da ke riƙe da su ka girmama shi, ka kira shi Encik, mace kuma Puan. Rigar "ni lakcara ne" a bar ta a filin jirgi.

Masu kimiyyar bayanai da laburare, irin na jami'ar Musulunci ta IIUM a Gombak, ba ruwanku da tanki, amma wajen yanke yawan mutanen da za a yi wa tambayoyi kowa na ɗauko 384 daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 kamar aya, sai an tambaye shi yadda ya zaɓi mutanen ya fara kame-kame. Ka fara gwada tambayoyinka a kan mutum 30 ko kusa, ka duba ko ma'aunin Cronbach, mai nuna daidaiton tambayoyin da juna, ya kai 0.7. In a gida za ka tattara bayanai da Hausa, ka ba wani daban ya mayar da fassarar zuwa Turanci a ga ko ma'ana ta zame.

Makarantu da yawa ba sa bari ka kare kundin digiri na uku sai ka fitar da maƙala a mujallar da ke cikin Scopus, jerin mujallun bincike da aka tantance. Duk mujallar da ta turo maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya, nuna wa malaminka kafin ka biya ko sisi. Ka buɗe Zotero ko Mendeley, manhajojin adana madogara, tun yau. In kuma Terengganu aka tura ka, hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, Lahadi da safe ofisoshi a buɗe suke.