Ku duba izinin asusu tun a layin farko

'Yan uwa masu rubuta sikirif (fayil mai jerin umarni ga kwamfuta) na girka manhaja a Linux, don Allah ku riƙa duba izinin asusu kafin komai. Abin takaici ne mutum ya ƙona datarsa wajen sauke fayiloli, aiki ya kai rabi sannan allo ya nuna masa "Permission denied" (wato an hana izini), ga tarkace an bar masa a na'ura.

Dubawar ba wuya. Umarnin `id -u` yana ba da 0 idan root ne, wato asusun da ke da cikakken iko a na'ura. In ba 0 ba ne, sikirif ya tsaya nan take da `exit 1`, umarnin fita da alamar kuskure.

Inda aka fi sakaci shi ne saƙon. Kada ku rubuta "ba ka da izini" ku yi shiru. Ku faɗa wa mai amfani dalili: za a yi rubutu cikin /usr/local ko /etc, kuma root ne ke da iko a can. Sannan ku buga masa cikakken umarnin da zai kwafa, da sudo a gaba, wato umarnin da ke ara wa mutum ikon root. Idan asusunsa ba ya cikin masu wannan dama, ku ambaci rukunin da za a saka shi: sudo a Ubuntu da Debian, wheel a Fedora. Sabon shiga bai san wannan ba, kuma sau da yawa kunya ke hana shi tambaya.

In kuwa manhajar a babbar foldar mai amfani (home) za ta zauna, ku hana a kunna sikirif da sudo, kamar yadda Homebrew, wata manhajar girka manhajoji, ke yi. In ba haka ba, fayilolinsa su koma mallakar root, gobe ya kasa taɓa kayansa.