Yadda ɗaliba za ta sayi gwanjo mai kyau a Bauchi ba tare da ta taɓa kuɗin abinci ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo baya, sutura ta zama abin da ɗaliba ke lissafi a kai kamar yadda take lissafin kuɗin rajista. Wadda ke karɓar rancen NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na bai wa ɗalibai rance, naira 20,000 ke shigo mata a wata, a ciki za ta ci abinci, ta hau keke, ta sayi data, ta buga takardun lakca. Turmin atamfa mai kyau da kuɗin ɗinkinsa kaɗai ya isa ya haɗiye wannan kuɗin gaba ɗaya. Gwanjo ma ya hau, tunda da dala ake sayo shi, amma har yanzu a nan ne za ki samu kaya masu nauyi da ɗinki mai ƙwari a kuɗin da aljihunki zai iya ɗauka. Ni a unguwar Yelwa ta Bauchi nake zaune, kuma galibin abin da nake sawa zuwa aji daga gwanjo yake. Goggona na sayar da shi a cikin gida, a wurinta na koyi yawancin abin da zan faɗa miki.

Ki fara gane yadda kayan ke zuwa, domin a nan farashi yake ɓoye. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Kanada da Koriya ake tattara su, a ware su iri-iri, a matse su da inji su zama dila, yawanci mai kilo 45 ko 55. A hukumance an hana shigo da tsofaffin tufafi Najeriya, shi ya sa da yawa daga ciki ta Kwatano suke biyowa, su ratsa Legas, su iso manyan kasuwanni irin Ƙofar Wambai a Kano, kafin 'yan kasuwarmu su saro su kawo Bauchi. Mai kaya a rufe yake sayen dila, bai san abin da ke ciki ba sai ya fasa.

Na sha zama gefen tabarma ina kallon Goggo tana fasa dila. Da an yanke igiyoyin da aka ɗaure ta da su, sai kayan su kumbura su zubo, warin maganin da aka fesa musu ya cika tsakar gida. Takan ɗauki kowace riga ta girgiza, ta juya wuyanta, ta kalli hammata, sannan ta jefa ta ɗaya daga cikin kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda ba su da aibi, wasu ma da takardar shagon da ba a cire ba. Su ake ratayewa, kuma da su take son mayar da uwar kuɗinta. Na biyu masu kyau ne amma sun ɗan ga wanki. Na uku su ne ake zubewa a ƙasa a sa musu farashi ɗaya. Haka 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal suke yi. Saboda haka ranar da aka fasa dila kaya sun fi kyau amma ciniki ya fi tauri. Bayan 'yan kwanaki farashi ya sauka, amma an riga an tsince na kirki. Idan abu ɗaya muhimmi kike nema, kamar jaket ɗin da za ki sa ranar kare aikin binciken ki, ki je ranar da ake fasa dila da sassafe. Idan rigunan yau da kullum ne, ki bari sai kashi na biyu. Ki tambayi mai kaya ranar da yake fasa sabo, ki karɓi lambarsa. Kowa da ranarsa.

Kafin ki fita, ki zazzage akwatinki a kan katifa ki ga abin da kike da shi. Yawancinmu riguna ne suka yi mana yawa, abin haɗawa da su ne babu. Ki rubuta abu biyu ko uku da kike buƙata, da launin da zai hau kan mayafan da kike da su. Ki ware kuɗin, ki cire na keken dawowa ki sa a wani aljihu daban. Tarin gwanjo yana da ɗaukar ido, kuma riga mai araha da ba ta da abin haɗi asara ce komai ƙanƙantar kuɗinta.

Ki je da tef ɗin awo irin na tela. Wannan shi ne abin da na fi nacewa a kai, domin a kasuwa babu wurin gwaji, kuma lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce. Lamba 10 ta Ingila ita ce 6 a Amurka, ita ce kuma 38 a yawancin ƙasashen Turai, kayan Koriya kuwa sun fi ƙanana ko da an rubuta musu babba. Ki ɗauko rigar da ta fi zama miki daidai a gida, ki shimfiɗa ta, ki auna faɗin kafaɗa, da faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, da tsawo. Ki auna siket ɗinki daga ƙugu zuwa idon sawu. Ki ajiye lambobin a waya. A kasuwa shimfiɗawa kawai za ki yi ki auna. Idan za ki saya wa ƙaninki wando kuma ba ya nan, ki karɓo awon ƙugunsa da tsawon ƙafarsa; shi kansa idan ya je ba tef, ya rufe maɓallin wandon ya zagaya ƙugun a wuyansa, in bakin biyu suka haɗu ba tare da shaƙewa ba, yawanci zai shige shi.

Sai dubawa, kuma a nan ake cin riba ko a faɗi. Kada ki duba kaya a cikin duhun rumfa. Ki ce, “Malam, bari in fita da ita haske,” ba wanda zai hana ki. Ki ɗaga rigar tsakaninki da rana. Duk inda zare ya sire ko asu ya ci zai bayyana. Ki juya ta bai-bai ki bi ɗinkin da yatsa, ki ɗan ja shi a hankali. Ki duba hammata: tabon zufa mai rawaya-rawaya da ya daɗe ba ya fita, ko me mai kaya zai ce miki. Haka tabon bilic, domin shi launin ne ya tafi gaba ɗaya. Tabon mai ko na ƙasa kan fita. Ki duba bakin hannu da bayan wuya, nan ne tufafi ke fara tsufa. A wandon jins ki duba tsakanin cinyoyi, in wurin ya yi laushi ya fara fari, kwanansa ya kusa ƙarewa. Zif ki ja shi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya. Roba ta ƙugu ki miƙe ta ki saki. In kika ji tana ƙara kamar busasshen ganye ko ta ƙi komawa, ta mutu. Maɓalli da ya ɓace, ko lafi da ya warware, ko zif da ya lalace, duk waɗannan ba dalilin barin kaya mai kyau ba ne, dalilin neman ragi ne, tunda tela zai gyara da kuɗi kaɗan.

A gefen riga ta ciki, can ƙasa, akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta irin zaren. Ki saba karanta shi. Mu da zafin Maris da Afrilu ke kaiwa wajen digiri 40, auduga da lilin su ne abokan tafiya. Foliyesta zalla tana da sheƙi a rataye, amma ki zauna da ita awa biyu a ɗakin lakca mai cunkoso ƙarƙashin hijabi, za ki gane bambanci. Ni wannan ƙyallen na fi dubawa a kan sunan kamfani. Sunan kamfani ana iya liƙa shi, kuma akwai masu cakuɗa sabbin kaya marasa ƙwari cikin gwanjo don a ɗauka daga dila suka fito. Hannunki zai gaya miki gaskiya: yadi mai kyau yana da nauyi, ɗinkinsa a jere yake kusa da kusa.

Idan riga na da rubutu ko hoto, ki karanta ki fahimta kafin ki biya. Akwai masu tallar giya, akwai masu kalaman batsa, akwai masu alamomin da ba za ki so ki tsaya sallah da su ba. In ba ki gane rubutun ba, ki bar ta.

Ciniki kuma da ladabi ake yinsa. Ki yi sallama, ki gaida mai kaya, ki tambayi kasuwa. Kada ki rungume rigar da ta burge ki kina murmushi. Ki haɗa ta da wasu biyu ki tambayi kuɗin kowacce. A ce ya ce dubu huɗu, ke ki taya dubu biyu. Zai ce, “Albarka, Hajiya, ko uwar kuɗi ba ki kai ba.” Ki ce, “Baba, 'yar makaranta ce, gaya mini gaskiyarta.” Ki nuna masa maɓallin da ya ɓace, ba da raini ba. Ki ƙara kaɗan-kaɗan. In kun kasa daidaitawa, ki ce Allah ya ba da kasuwa ki juya. Sau da yawa kafin ki yi nisa za ki ji “zo ki kawo”. In bai kira ba, to da gaske bai sallama ba, kuma ba laifi ki dawo ki cika masa idan kayan ya cancanta. Abin da ba na so shi ne a taya kaya a sallama, sannan a ce an fasa. Wannan yana ɓata ciniki, kuma mutumin nan shi ma gida yake ciyarwa. Ku haɗu ku biyu ko uku ku saya a rumfa ɗaya, ragin ya fi yawa. Idan kika riƙe mutum ɗaya ya san ki, zai riƙa ware miki irin naki tun kafin ya rataye.

Ana cewa araha ba ta ado. A gwanjo ban yarda da wannan ba, amma da sharaɗin kina da tela. Rabin kyan kayan gwanjo a hannunsa yake. Shi ya sa kullum nake cewa ki sayi wadda ta ɗan fi ki, kada ki sayi wadda ta matse ki, domin ragewa mai sauƙi ne, ƙari kuwa da wuya. Abu ɗaya ne tela ba ya iya gyarawa da arha: kafaɗa. In kafaɗa ta zauna, sauran duk mai sauƙi ne. Doguwar rigar da ta gaza kaiwa idon sawu, ki sa a ƙara mata ƙyallen atamfar da ya rage miki a ƙasa da bakin hannu, za ta fito kamar da gangan aka ɗinka ta haka. Babbar rigar maza mai dogon hannu, fara ko mai ratsin shuɗi, tana kyau a buɗe a kan doguwar riga mara hannu. Baƙar abaya ko jins da ya koɗe, mai rini zai dawo da shi. Kuɗin gyaran nan ki sa shi cikin lissafi tun daga gida.

Ki tuna makarantunmu na da dokar sutura, ana kuma iya mayar da mutum daga bakin ƙofa. Mai shara-shara, da mai tsaga har gwiwa, da wandon da aka yayyaga don gayu, duk kyansu kada ki sa musu kuɗi. Dogon siket baƙi ɗaya, mai ruwan toka ko ruwan ƙasa ɗaya, riguna huɗu masu launi ɗaya-ɗaya, abaya, da jaket mara nauyi sun isa su kai ki ƙarshen zango ba tare da an gane kina maimaitawa ba, in kina sauya mayafi.

Kayan ciki da safa ki saye su sababbi. Takalmi kuwa ki lanƙwasa tafinsa ki gani. Wanda ya daɗe a ajiye yakan yi kyau a ido amma tafin ya farfashe a mako guda. Jaka ki goga yatsa a hannunta, in fatar na ɓarewa ba ta da magani.

Masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram, da masu zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai da jaka, su ma a kasuwa ɗaya suke zaɓowa, su wanke su goge su ɗora riba. Ba laifi ba ne, wahalar tonon suka ɗauke miki, kuma lokacin jarrabawa suna da amfani. Amma ki nemi awo da tef, ki nemi hoton da aka ɗauka a hasken rana, kuma kada ki tura kuɗi ga wadda ba wanda ya san ta.

Duk abin da kika sayo, kada ya taɓa jikinki ko ya shiga akwati sai an wanke. Kayan sun bi hannaye da yawa, an fesa musu magani, kuma ƙazuwa da ƙwarƙwata kan bi tufafi. Ki jiƙa auduga da jins a ruwa mai zafi sosai da omo da ɗan Dettol, masu duhu daban domin wasu na zuba. Ulu da siliki da yadi mai santsi ruwan sanyi suke so, zafi yana tsuke su. In warin dila ya ƙi fita, ki zuba rabin kofi na farin binega a ruwan ɗauraya. Ki shanya a rana, masu launi a juye don kada su koɗe, sannan ki goge da dutsen guga mai zafi, musamman kan ɗinki da cikin aljihu. Bilic na farar auduga ne kawai.

Rigar sanyi kada ki jira hunturu. Daga Nuwamba zuwa Janairu kowa suwaita da jaket yake nema, masu kaya kuma sun sani. Ki saye ta a Maris ko Afrilu, lokacin da mai rumfa ke neman rabuwa da ragowar don ya samu wurin kayan zafi. Ki wanke, ki bari ta bushe sarai, ki ninke ta cikin leda da ƙwayar kafur biyu, ki sa a ƙasan akwati.