Idan Intabiyu Biyu Suka Faɗo Rana Ɗaya

Ƙanena mai neman digiri na biyu a nan Katsina, kafin hankalinka ya tashi don jami'o'i biyu sun sa maka intabiyu lokaci ɗaya, in ɗaya a Ingila take, fara duba agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gaban Ingila da awa ɗaya, wato ƙarfe 10 nasu 11 ne a wurinmu. Sauran watanni lokacinmu ɗaya. Sau da yawa a takarda kawai karon yake.

In da gaske sun haɗu, ranar da saƙon ya iso za ka tura imel, kada ka bari sai jajibiri. Nemi ɗagi daga jami'ar da za ta gana da kai ta Zoom. Wadda ta tara malamai a ɗaki guda a Zariya da wuya ta matsa saboda mutum ɗaya. Ka yi godiya, ka faɗi gaskiya cewa wata jami'a ta riga ta tsayar maka da wannan lokacin, sannan ka kawo ranaku biyu ko uku da kake da sarari. Don Allah ban da ƙirƙirar rasuwa ko jinya. Abin yana sosa mini rai, kuma malaman nan sun san juna.

Ban goyi bayan ka yi na Bayero da safe, ka ce za ka riski na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da azahar ba. Kano zuwa Katsina ya haura kilomita 150, ga jiran mota ta cika a tasha, ga shingayen bincike.

In duka sun ƙi ɗagawa, riƙe wadda ke da malamin fanninka da tallafin karatu, ka sanar da ɗayar tun da wuri don a ba wani gurbin.