Yadda malamin tarihi zai koyar da darasin babanni a fadar Farisa

Malamin da zai shiga aji da wannan darasi, a Argungu ne ko a Birnin Kebbi, ya fara da gyara kalmar, domin da na rubuta "baba" a allo ɗalibaina sun ɗauka mahaifi nake nufi. A bayyana musu cewa dandaƙaƙƙen bawan sarki ake nufi, jam'insa babanni, kuma Kano ta san su, tunda Sarki Muhammadu Rumfa ya ba su sarautu.

Daga nan a tambaye su abin da ya sa sarki zai amince wa irin wannan mutum fiye da ɗan'uwansa. Amsar da marubucin Girka Zenofon ya jingina wa Sarki Sairus na Farisa ita ce, wanda ba shi da mata ko 'ya'ya ba shi da wanda zai fifita a kan ubangidansa. Kada a tsallake zaluncin da ke ƙarƙashin wannan amana: masanin tarihin Girka Herodotus ya ce yankin Babila yana kai wa sarkin Farisa yara 500 dandaƙaƙƙu cikin harajinsa.

Inda ya kamata a daɗe shi ne kan sunan Bagowas, domin babanni biyu ne masu wannan suna, kuma ɗalibai suna yawan haɗa su. A raba allo gida biyu. Na farkon babban bafade ne kuma kwamandan yaƙi, wanda ya taimaki Sarkin Farisa Atazakzis na Uku ya sake cin Masar a 343 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubucin Girka Diyodoras ya ce shi ya ba sarkin guba a 338, ya naɗa ɗansa Arses, ya kashe shi a 336, sannan ya naɗa Dariyus na Uku, wanda ya tilasta wa Bagowas shan gubar da ya haɗa masa. Na biyun saurayi ne da ya shiga fadar Iskandar na Masedoniya a 330, wanda marubucin Rumawa Kurtiyus ya zarga da kai sukar gwamna Orksines har aka kashe shi.

A kan kowane labari a sa ɗalibi ya rubuta sunan wanda ya kawo shi da ƙasarsa. Zai ga Girkawa ne da Rumawa, masu son nuna fadar Farisa a matsayin gidan makirci, kuma a ganina wannan ya isa a sa alamar tambaya a gefen labarin gubar 338, musamman da yake wani allon laka na Babila ya ambaci rasuwar sarkin da lafazin mutuwar Allah da Annabi.