Mannewar hanji bayan tiyata: kurakuran da aka fi yi

Duk lokacin da aka buɗe ciki, ko don ciro jariri, ko cire ƙarin mahaifa, ko afendis, siririn tantanin da ya lulluɓe hanji da mahaifa yana jin ciwo. Cikin sa'o'i kaɗan jiki zai fitar da wani ruwa mai danƙo don rufe wurin. Idan jiki bai narkar da shi cikin kwana 5 zuwa 7 ba, sai ya zama zare mai ƙarfi, ya haɗa hanji da hanji, ko hanji da mahaifa. Kusan mutum 9 cikin 10 da aka buɗe wa ciki suna samun wannan mannewa. Yawanci ba ta damun su, amma ga wasu tana kawo toshewar hanji, ciwon mara ko rashin haihuwa.

Kuskure mafi girma yana faruwa tun kafin a shiga ɗakin tiyata, wato jinkiri. Afendis da aka cire kafin ya fashe ƙaramin aiki ne. Wanda ya fashe, ko hanjin da taifot ya huda, yana zubar da ƙazanta da mugunya cikin ciki, kuma kumburin da ke biyo baya shi ke haifar da mannewa mafi muni. Ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi ba na kyamis ba ne. A Kumasi ta Ghana, daga unguwar Aboabo ko Asawase zuwa asibitin Komfo Anokye ba nisa, a tafi ranar. Haka ciwon sanyin mata da ba a yi maganinsa daidai ba: yana manne bututun ƙwai ko da wuƙa ba ta taɓa jiki ba, kuma dole a yi wa miji magani tare da matar.

A ɗakin tiyata kuwa, rigakafin yana hannun likita. Barin hanji ya bushe ƙarƙashin fitila, goga shi da busasshen bandeji, yawan ƙona jijiyoyi, barin gudan jini a ƙugu, ɗinki mai kauri inda siriri ya isa, kowanne yana ƙara rauni. Gyaransa shi ne jiƙa wurin da ruwan gishirin asibiti mai ɗumi, riƙe hanji a hankali, da tsayar da jini sarai kafin a rufe. Safar hannu mai hoda ma tana jawo mannewa, kuma Amurka ta hana amfani da ita tun farkon 2017. Inda hali ya yi, aikin da ake yi ta ƙananan huji da kyamara ya fi buɗe ciki rage matsalar, kodayake ba ya kawar da ita.

Akwai shinge da ake sawa tsakanin kayan ciki don su warke ba tare da sun taɓa juna ba, amma kowanne da sharaɗinsa. Wanda ake kira Interceed ba ya aiki idan wurin yana tsattsafar jini. Seprafilm ba a naɗa shi a inda aka ɗinke hanji da hanji, don yana ƙara haɗarin yoyo. Adept ruwa ne, lita 1 ake bari a ciki. Suna da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsu ba, don haka mai shirin cire ƙarin mahaifa da ke son haihuwa ta tambayi likita tun ranar da za a sa mata rana.

Bayan an dawo gida, iyayenmu mata sukan dage kan gasa ciki da ruwan zafi da ɗaure shi tamau. Niyya mai kyau ce, amma mannewar tana can ciki inda tawul ba ya kaiwa, kuma zafin yana iya ƙona fata ko buɗe ɗinki. A bar mai jego ta tashi ta taka tun washegarin aiki idan likita ya yarda. Tafiya tana tayar da hanji, tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda ake ɗaukar toshewar hanji kamar taurin bayan gida. Mutumin da aka taɓa yi wa aiki, ko shekara 10 da ta wuce ne, idan cikinsa ya kumbura, yana murɗawa, yana aman kore, ba tusa ba bayan gida, kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a yi masa bentoa, wato ɗura ruwan magani ta dubura, kada ya ci ko ya sha. A kai shi asibiti nan take, a faɗa musu aikin da aka yi. Sau da yawa bututun da ake zurawa ta hanci zuwa ciki da ƙarin ruwa suna warware shi cikin kwana 3 ba tare da sabon aiki ba. Wanda ya makara kuwa, hanjin yana iya mutuwa sai an yanke.

Sikanin da aka saba yi ba kasafai yake nuna mannewa ba, saboda haka sakamako mai kyau bai kore ta ba. Matsa wa likita ya sake buɗe ciki saboda ciwo kaɗai ma kuskure ne, domin zaren da aka yanke yakan dawo. A adana takardar sallama da ke bayyana aikin, a nuna ta ga duk likitan da zai sake taɓa cikin.