Darasi na Tara: Maganin da Ke Rage Ƙarfin Garkuwar Jiki

Allah ya yi wa jiki garkuwa da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani lokaci garkuwar nan takan rikice ta juya kan fatar mai ita. Sai ka ga bororo ya feso a jiki har cikin baki, ko fata ta yi kauri tana saɓa. Wannan ba ƙazwa ba ce, ba makero ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wurin wani.

Idan ciwon ya fi ƙarfin man shafawa, likitan fata, irin waɗanda ake gani a asibitin koyarwa na Shika, yakan rubuta maganin da zai kwantar da garkuwar. Akwai prednisolone, akwai azathioprine, akwai methotrexate. Kafin a fara, akan gwada jini, a duba hanta da ƙoda, a bincika ko akwai tarin fuka a kwance, domin garkuwa na yin sanyi yake samun damar tashi.

A nan ake so ka natsu. Methotrexate sau 1 ake shansa a mako. A mako fa, ba a rana ba. Wanda ya riƙa shansa kullum kamar farasitamol yana iya rasa ransa. Zaɓi rana guda, misali Juma'a, ka rubuta ta a jikin kwalin da hannunka. Ai amfanin karatun da muke yi ke nan. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shansa sam. Kada a haɗa shi da Septrin, ko da mai kemis ɗin unguwa ya ce ba komai.

Shi kuwa prednisolone yakan kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini. Duk da haka wanda ya daɗe a kansa ba ya yankewa rana ɗaya don ya ga sauƙi. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Zumunci na da daɗi, amma in kana shan waɗannan magunguna garkuwarka ta yi sanyi, don haka gidan da yara ke ƙyanda ko ƙarambau, aika gaisuwa ta waya. In zazzaɓi ya zo, ko gyambon baki, a tafi asibiti a ranar.

Aiki: Rubuta sunan maganin da kake sha da ranar shansa. Karanta wa na kusa da kai.